Bayan an ɗaure bakin kada, ina za a kai shi?

Daga ƙarshen watan Oktoba, idan ruwan sama ya ɗauke a kan duwatsun Kauru, rafukan da suka shafe watanni suna cika suna batsewa sukan fara ja da baya. Ruwan da ya malale fadamu sai ya tsinke gida-gida, ya bar gurbi nan, kududdufi can. A lokacin ne masu noman rani ke kafa injinan ban ruwa a bakin gaɓa, makiyaya ke gangaro da shanu mashaya, mata ke sauko da wanki, yara kuma na biye da su da fatsa a hannu. Kowa na neman ruwan da ya rage, har da wanda ya riga kowa zama a cikinsa.

Ba kullum ake ganin kada a wannan yanki ba, domin ya yi ƙaranci ƙwarai a rafukan da ke gangarawa Kogin Kaduna. Amma duk ranar da ya bayyana kusa da mutane, a nan ko a wani ƙauyen bakin ruwa na Arewa, labarin kusan iri ɗaya ne. Akuya za ta je shan ruwa ba ta dawo ba. Wani zai ga sawu a kan yashi, da jan wutsiya a tsakiya. Maganar za ta kai ga mai unguwa, daga nan ga dagaci, sannan a nemo masunta da mafarauta. Za a ɗana babbar ƙugiya da nama a jikinta, ko a shimfiɗa raga, ko a yi zarge a bakin ramin da yake kwana. Bayan kwana biyu ko mako guda, sai a ji ihu daga bakin rafi. An janyo shi tudu, an ɗaure bakin da igiya, an haɗa ƙafafun ta baya, matasa sun zaro wayoyi suna ɗaukar hoto.

A nan hotunan Facebook ke ƙarewa, kuma a nan ainihin aikin ke farawa. Dabbar da ke kwance a gaban jama'a doka ta hana a kashe ta, ta hana a sayar da ita, mutanen gari kuma ba za su yarda a mayar da ita inda 'ya'yansu ke wanka ba. Duk duniya hanyoyi huɗu ne a gaban kadan da aka kama saboda ya addabi mutane: a kashe shi, a sake shi a wani ruwan, a tsare shi a gidan namun daji, ko a kai shi gonar kiwon kadoji. Kowace da tsadarta, kuma a Najeriya ta farkon ce kaɗai ba ta buƙatar mota, man fetur ko sa hannun jami'i.

Dabbar da ta ba jiha suna

Sanannen bayani game da sunan Kaduna shi ne ya samo asali daga jam'in kalmar kada, saboda yawan kadojin da ke cikin kogin a da. Kogin ya taso ne daga tsaunukan Jos kusa da Vom, ya ratsa kudancin jihar, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya haɗu da Kogin Neja. Da Turawa suka maido hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, garin ya ɗauki sunan kogin, daga baya jihar ta ɗauki sunan garin, har yau kuma hoton kada na cikin tambarinta. Sai dai yara da yawa da aka haifa a Kaduna sun fara ganin kada mai rai ne a bayan waya, a filin shaƙatawa na Gamji. Farautar fata da ta yi ƙamari a faɗin Afirka a tsakiyar ƙarnin da ya gabata, da ragar masunta, da noman da ya cinye yashin gaɓa inda mata ke binne ƙwai, sun rage shi matuƙa.

Najeriya na da nau'o'in kada fiye da ɗaya. Akwai mai siririn baki da ke cin kifi, wanda Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa a sahun masu dab da ƙarewa. Akwai ɗan ƙarami na dazuzzukan kudu, wanda ake kaiwa kasuwannin naman daji da ransa. Sai kuma na kogunan Arewa, wanda aka daɗe ana ɗauka shi ne kadan Kogin Nilu, mai kashe ɗaruruwan mutane duk shekara a gabashi da kudancin Afirka. A 2011 wani binciken ƙwayoyin halitta da Evon Hekkala ta jagoranta, wanda ya haɗa har da gawawwakin kadojin da Misirawan dauri suka adana, ya nuna cewa na Afirka ta Yamma nau'i ne mai zaman kansa. Bai kai na Nilu girma ba, domin yawanci bai wuce mita 2 da rabi, kuma bai kai shi faɗa ba. Irinsa ne ke Paga a arewacin Gana da Bazoulé a Barkina Faso, inda mutane ke zaune da kadoji a tafki ɗaya tun kaka da kakanni, har baƙi na zuwa kallo.

Wannan ba ya nufin ba shi da haɗari. Kada mai mita 2 ya isa ya ja yaro ko maraƙi cikin ruwa, kuma uwar da ke gadin ƙwai ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Abin da binciken ya ƙara shi ne cewa kadan da aka ɗaure a bakin rafin Kauru ɗan wani nau'i ne da yawansa bai kai yadda aka zata ba, saboda a da ana lissafa shi tare da ɗimbin kadojin gabashin Afirka.

Sa'o'in farko

Kadoji da yawa ba sa kaiwa lokacin da za a yanke shawara a kansu, domin kamun kansa na iya kashe su. Idan babban kada ya daɗe yana fafutuka da igiya, wani sinadari mai tsami yakan taru a jininsa fiye da yadda jikinsa zai iya wankewa da wuri, sai ya yi laushi, wani lokaci ya mutu sa'o'i bayan an zata ya huce. Ga shi kuma jikinsa ba ya daidaita zafi da kansa. A cikin ruwa yakan nutse idan rana ta yi zafi, a tudu yakan wangale baki ya sha iska. Wanda aka ɗaure wa baki aka yasar a rana tsakar watan Maris an hana shi duka biyun. Ƙugiyar da ya haɗiye tare da nama kuwa takan yaga masa ciki, ko da an sake shi daga baya.

Ko ƙwararru ma abin na kufce musu. A 1979 jami'an namun daji a arewacin Ostireliya sun kama wani ƙaton kada mai mita 5.1 da ake wa laƙabi da Sweetheart, wanda ya addabi masu jiragen kamun kifi. Niyyarsu su kai shi gona da ransa, amma ya nutse ya mutu yayin da ake jan sa bayan an yi masa allurar barci. Gawarsa ce ke gidan tarihi na birnin Darwin a yau.

Abin da ke ceton kada a wannan lokaci ba shi da tsada. Ƙarfin haƙoransa a wajen rufewa yake, naman da ke buɗe bakin ba shi da ƙarfi, shi ya sa robar tayar keke ta isa ta riƙe shi, muddin ba a toshe hancin ba. Idan aka rufe masa ido da jiƙaƙƙen buhu yakan natsu. Sai a ja shi inuwa, a riƙa yayyafa masa ruwa, a kori taron jama'a. Masunta da yawa sun san wannan. Abin da ba su da shi shi ne amsar tambayar da za ta biyo baya: a jira wa, kuma har zuwa yaushe?

Hanyar wuƙa

Idan aka rasa wanda za a jira, hukuncin yakan faɗa hannun masu wuƙa. Malamai sun yi saɓani a kan cin naman kada, amma masu cinsa ba su yi kaɗan ba, musamman naman wutsiya. Fatar ciki, wadda ba ta da ƙashi a ƙarƙashinta, ita ce dukawa ke so domin jaka da takalmi da ɗamara. Haƙora da kitse da ƙafafu suna tafiya wajen masu maganin gargajiya. Kafin magariba babu abin da zai rage sai jini a kan yashi.

Sashe ɗaya ne ake tsoro, wato matsarmama. A ƙasashen Afirka da dama an yi imani cewa matsarmamar kada guba ce mai kisa nan take, har wasu al'ummomi sukan sa a ƙone ta ko a jefa ta ruwa a gaban shaidu. A watan Janairun 2015, da mutum 75 suka mutu a garin Chitima na ƙasar Mozambik bayan sun sha giyar gargajiya a wurin makoki, abin da aka fara zargi ke nan. Binciken ɗakin gwaji ya gano daga baya cewa gubar ta fito ne daga wata ƙwayar cuta da ta kama garin masarar da aka yi giyar da shi. Duk da haka imanin bai gushe ba, kuma yana cikin abubuwan da ke sa gawar kada ta fi kadan mai rai daraja a kasuwa.

Ba kada kaɗai ke gamuwa da wannan makoma ba. A 2024, bayan dorina ta kashe wani mutum a Yawuri ta Jihar Kebbi, an farauto ta aka kashe, aka raba naman ga jama'a. Masu rajin kare namun daji sun nuna ɓacin rai, mutanen bakin kogi kuma suka ga an raba su da masifa. Kowane ɓangare na da hujja. Wanda ya binne ɗan'uwansa ba zai saurari lacca a kan ƙarewar halittu ba, kuma babu dokar da ta hana mutum kare ransa ko ran ɗansa. Sai dai kadan da aka riga aka ɗaure ya daina zama barazana ga kowa, saboda haka kashe shi a lokacin shawara ce da wani ya yanke, ko da ba a rubuta sunansa a ko'ina ba.

Yadda Fulorida ke yi

Wurin da aka fi tsara wannan shawara a rubuce shi ne jihar Fulorida ta Amurka. A can akwai wani ɗan'uwan kada mai faffaɗan baki da ake kira aligeto, kimanin miliyan 1.3, a dukkan gundumomin jihar 67. Ana samun sa a tafkunan unguwanni, da filayen wasa, da magudanan ruwa, har da wuraren ninƙaya na gidaje. Tun 1978 jihar ke da shiri na musamman a kan waɗanda suka addabi mutane, ƙarƙashin hukumar kula da kifi da namun daji.

Tsarin a bayyane yake. Akwai lambar waya guda ta kyauta ga duk jihar. Idan aligeton ya kai ƙafa 4, wato kimanin mita 1.2, kuma mai ƙorafin na ganin barazana ne ga mutane ko dabbobin gida ko dukiya, hukumar takan ba da takardar izini ta tura mai kamu da ta yi kwangila da shi. Ƙorafe-ƙorafen sukan haura 10,000 a shekara, waɗanda ake cirewa kuma kimanin 8,000 ne. Abin da masu kiran waya da yawa ba su sani ba shi ne cewa mafi yawansu kashe su ake yi. Alawus ɗin da gwamnati ke biyan mai kamu a shekarun baya ya daɗe a kan dala 30 kan kowane ɗaya, kuɗin da bai isa man mota ba. Dabbar ce ladansa: ya sayar da nama ga masana'antar da ke da lasisi, ya sayar da fata, ko kuma ya sayar da ita da rai ga gona ko wurin nuna dabbobi irin Gatorland da ke Orlando. Ƙananan da ba su kai ƙafa 4 ba ne ake iya ɗaukewa a sake su a wani wurin. Jihar ta kuma haramta ba aligeto abinci, domin wanda ya saba karɓa daga hannun mutum yakan daina tsoron mutum.

Fulorida na iya yin haka ne saboda lissafinta ya ba ta dama. A 1967 Amurka ta sa aligeto a jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, aka hana farautarsa, aka toshe kasuwar fatar sata, har ya farfaɗo aka ayyana ya tsira a 1987. Cire 8,000 daga cikin miliyan 1.3 bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A rafin da manyan kadojinsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba kuwa, kashe mace ɗaya mai ƙwai na iya zama ƙarshen zuriyar wurin. Wanda ya kwaikwayi wuƙar Fulorida ba tare da ƙidayarta da rajistarta ba, ya ɗauki abin da Najeriya ta riga ta mallaka ne ya bar abin da ta rasa.

Me zai hana a mayar da shi daji?

Wannan ce shawarar da ta fi daɗin ji, kuma ita ce hukumar Fulorida ta ƙi ɗauka a kan manya, bisa dalilin cewa sukan dawo. Kada na da basirar gane hanyar gida. A wani bincike da aka wallafa a 2007, masana a Ostireliya sun maƙala wa manyan kadoji uku na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya, suka ɗauke su da jirgi mai saukar ungulu zuwa wurare masu nisa. Dukkansu sun koma. Wanda aka kai mafi nisa, kilomita 126 zuwa ɗaya gefen yankin Cape York, ya zagayo ta teku, ya yi tafiyar sama da kilomita 400 cikin kwana 20. A kan hanyar dawowa kada yakan ratsa gonaki da garuruwan da ba su san da zuwansa ba, kuma karo na biyu ya fi wuyar kamu domin ya gane tarko. Idan ma ya zauna a sabon wurin, akwai manyan mazan da suka riga shi, waɗanda za su yaƙe shi har ɗaya ya mutu ko ya gudu.

Duk da haka akwai ƙasashen da ke yi. Hukumar namun daji ta Yuganda takan kwashe kadoji daga gaɓar Tafkin Biktoriya zuwa gandun Murchison Falls, inda ruwa ke da yawa kuma mutane ke nesa. Sharaɗin ke nan: ruwan da ba ya ƙafewa, nisa daga ƙauyuka, masu gadi, da kuma yankin kogi dabam wanda ba zai ba shi hanyar dawowa ba. Ga wanda aka kama a Kauru, gandun tarayya ɗaya tilo da ke cikin jihar shi ne Kamuku a Birnin Gwari, wanda ya samu wannan matsayi a 1999. Yana can ɗaya ƙarshen jihar, a dajin da matsalar 'yan bindiga ta daɗe tana hana ma'aikata sakewa. Yankari, inda kadoji ke zaune a Kogin Gaji, na hannun gwamnatin Jihar Bauchi, saboda haka kai dabba can magana ce tsakanin gwamnatoci biyu. Kowace hanya aka ɗauka ana buƙatar mota, akwati, likitan dabbobi da takarda, duk a cikin kwana ɗaya ko biyu.

Keji da gona

Saura gidan namun daji. Mafi kusa da Kauru su ne na Jos, wato wurin shaƙatawa na namun daji da aka kafa zamanin Gwamna Joseph Gomwalk da kuma gidan zu na kusa da gidan tarihi, sai Gamji a Kaduna, da gidan zu na Audu Bako a Kano, da na yara da ke Asokoro a Abuja. Karɓar kada alkawari ne mai tsawo, domin yakan rayu shekara 50 ko fiye. Ba ya cin abinci kullum, amma yana buƙatar nama duk mako, da ruwa mai zurfin da zai nutse, da wurin shan hantsi, da inuwa. Ba a haɗa manyan maza biyu a ƙaramin tafki, saboda haka kowane sabon baƙo na nufin sabon gini. Gidan da ke da kadoji biyar a kwali ɗaya ba shi da dalilin murnar samun na shida.

Kuma wanda ya girma a kogi ba lalle ne ya jure tsare ba. A watan Satumban 2011 mutanen Bunawan a ƙasar Filifin suka kama Lolong, mai mita 6.17 da nauyin fiye da tan guda, kada mafi girma da aka taɓa aunawa a tsare. Garin ya gina masa wuri, baƙi suka yi ta tururuwa, kuɗi suka shigo. A watan Fabrairun 2013 ya mutu, bai cika shekara ɗaya da rabi a kejin ba, kuma binciken gawarsa ya nuna ciwon huhu da gazawar zuciya.

Keji kuma ba ya raba mutane da haɗari har abada. Ranar 10 ga Satumban 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, hukumar gidan zu na Sanda Kyarimi ta sanar cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobinta sun mutu, ta kuma gargaɗi jama'a cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai zuwa cikin unguwanni. Mutanen da suka rasa gidajensu sai ga shi suna taka ruwa da fargabar abin da ke ƙarƙashinsa.

Hanya ta huɗu, wato gona, ita ce ta ba kada mai rai farashi a wasu ƙasashe. A 2005 an kama wani ƙaton kada a gaɓar Tafkin Biktoriya, wanda mutanen ƙauyen suka ce ya kashe fiye da mutum 80, aka miƙa shi ga wata gonar kadoji a Yuganda domin ya zama uban garke. A arewacin Ostireliya ma, kadojin da ake kamawa a tashar jiragen ruwa ta Darwin duk shekara ba a mayar da su kogi, wasunsu gonaki ake kai su. Zimbabuwe ta gina babbar sana'ar fata a gaɓar Tafkin Kariba, tana sayar wa kamfanonin jakunkuna masu tsada na Turai. Ta samu wannan dama ne bayan ta ƙidaya kadojinta ta gamsar da yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, aka sassauta mata a 1983. Kadojin Najeriya har yanzu suna rukunin farko na yarjejeniyar, wanda ya hana fitar da na daji ko fatarsu domin kasuwanci. Ko a gonar ma, 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe yanka ne ƙarshensu. Bambancin shi ne ana ƙirga su, kuma uwa da uba na nan da rai.

Doka a Abuja, kada a Kauru

A takarda kada na da kariya mai ƙarfi. Najeriya na cikin ƙasashen da CITES ta fara aiki a kansu a 1975. Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985 ta sa kada a jadawali na farko, na dabbobin da aka haramta farautarsu da kama su da cinikinsu, gyaran da aka yi mata a 2016 kuma ya ninka tarar Naira 1,000 da ke cikinta sau da yawa. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke riƙe da sha'anin CITES, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 na aiwatar da dokokin muhalli, jami'an Kwastam na tsare iyakoki, Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa kuma na kula da abin da ke cikin gandunanta.

Kadan da ke kwance a bakin rafi a Geshere ko Damakasuwa ko Kwassam bai shiga gandun tarayya ba, bai kuma kai bakin iyaka ba. Namun dajin da ke wajen gandunan tarayya aikin jihohi ne, kuma tushen dokokin jihohin Arewa a wannan fanni shi ne Dokar Namun Daji ta 1963, wadda aka rubuta tun zamanin Sardauna. Wato gwamnatin da ta yi hani tana Abuja, wadda aikin ya rataya a wuyanta tana Kaduna, wanda ke tsaye a gaban dabbar da taron jama'a kuma dagaci ne, da ba shi da mota ko kasafi. Idan ya bari aka yanka, an karya doka a gabansa. Idan ya sa aka sake shi, ranar da aka rasa yaro shi za a tuhuma. Ko masuncin da ya yi kamun domin ceton garinsu, a zahirin lafazin doka ya taɓa abin da aka hana. Sakamakon haka kowa ya gwammace a gama da wuri a yi shiru, shi ya sa irin waɗannan kamu ba sa shiga rajistar da za a dogara da ita wajen sanin inda kadoji suka rage da inda suke cutar da mutane.

Cike wannan giɓi ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Ƙasar Hausa ta daɗe da nata masu kamu. Sarkin Ruwa da Sarkawa sun san kowane gurbi da abin da ke cikinsa, har a Argungu ba a faɗa wa Matan Fada ranar bikin kamun kifi sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Abin da Fulorida ta yi shi ne ta ɗauki irin waɗannan mutane, ta ba su lasisi da horo da ɗan alawus, ta ɗora musu sharaɗin kawo rahoton kowace dabba: tsawonta, jinsinta, inda aka kama ta, da inda ta ƙare. Jiha na iya yin haka da masuntanta, ta haɗa su da jami'in gandun daji na ƙaramar hukuma da lambar waya guda, ta ajiye tafkin wucin gadi inda za a riƙe dabba na 'yan kwanaki. Sannan a rubuta ƙa'ida a fili: ƙarami a sake shi a ruwan da aka amince da shi, babban da ya saba da dabbobin gida a kai shi tsare, wanda aka tabbatar ya kashe mutum kuma jami'i mai izini ya yanke hukuncinsa, a rubuta, fatar ta shiga hannun hukuma domin kada kisa ya zama riba. Nauyin tarayya shi ne fitar da wannan ƙa'ida ga jihohi, da horar da ma'aikata, da ɗaukar nauyin ƙidayar da babu abin da zai yiwu sai da ita.

Mafi arha duka shi ne kada a kai ga kamun. Mahautan da ke zubar da jini da kayan ciki a rafi suna kiran kada ne zuwa mashayar gari, haka ma masu wanke kifi a wuri ɗaya kullum. Rijiyar burtsatse guda na rage zirga-zirgar mata da yara a bakin ruwa da asuba da almuru, lokutan da kada ya fi farauta. A kudancin Siri Lanka, mazauna gaɓar Kogin Nilwala sun daɗe suna kafa shingen itace ko na ƙarfe a cikin ruwa, su yi wanka da wanki a ciki, kada na wucewa ta waje. Gora da itacen da za a yi irinsa ba su yi wuya a ƙasar Kauru ba.

Nan da 'yan watanni rafukan za su sake ja, masu noman rani su sake gangarawa. Idan aka janyo wani kada tudu a bana, dagacin da aka kira zai tarar da taro, da igiya, da mai wuƙa a tsaye yana jira. Abin da zai yi daga nan ya danganta ne da ko akwai lambar da zai kira a wayarsa, da kuma ko wani zai ɗauka.